Filin Baban Gareji: "Sabuwa ce dal", amma maleji ya nuna 1,340

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan maleji suke. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin mai ita yana dab da zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin jami'a ne, a Samaru nake zaune. Shekara 11 ina fama da 'yar Kwatano. Bana Allah ya hore, na haɗa da rancen ƙungiyar ma'aikata, na ce bari in hau sabuwa fil ko sau ɗaya a rayuwata. Na je wani gidan sayar da motoci a Kaduna, aka nuna mini irin wadda nake so, kujerunta duk da leda. Da na murza makulli sai na ga maleji ya nuna kilomita 1,340. Na yi magana, yaron da ke sayarwa ya ce ai tuƙo ta aka yi daga Legas, kuma tunda ba a taɓa yi mata lamba ba, sabuwa ce, babu ragin ko kwabo. Na riga na ba da kafin alƙalami, saura cikon. In cika ko in janye?
Daga wani malami, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kada ka cika tukuna, kada kuma ka janye. Akwai lissafin da yaron nan bai ƙarasa maka ba, kuma ba daga bakinsa za ka ji ƙarshensa ba, sai daga bakin maigidansa.

Babu motar da ke zuwa hannun mai saye da sifili a maleji. Tun a masana'anta ake ɗora ta kan na'ura a gwada inji da birki. Daga nan a tuƙa ta zuwa filin ajiya, a hau jirgin ruwa da ita, a sauko da ita a tashar jirgin ruwa ta Tin Can ko Apapa a Legas, a hau tirela, a sauke, a kai ta gidan mai, a kai ta wanki. In ka tara duk wannan, kilomita 10 ne, ko 20, in ya yi yawa 50. Ni in na ga ƙasa da 100 ko tambaya ba na yi. Daga 100 zuwa 300, sai in ce masu zuwa ɗanawa ne suka zaga gari da ita, ko kuma an ɗauko ta daga wani reshe, kamar Abuja, wadda tsakaninta da Kaduna bai cika kilomita 200 ba. Amma 1,340 ya wuce zagayen gari, wannan bulaguro aka yi.

To mu bi sawun bulaguron. Daga Legas zuwa Kaduna, ko ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa aka biyo, ko ta Lokoja da Abuja wadda ta fi tsawo, ba a cika kilomita 1,000. Hanyoyin nan biyu na bi su har na san inda ake sayar da shayi mai kauri a kowace. Ka ga ke nan ko mun gaskata yaron, akwai sama da 340 da suka rage ba su da uba. Daga Kaduna zuwa Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, wato an yi abin da ya kai a zo a koma sau biyu har da ɗoriya. Wa ya yi wannan yawon? Ɗan maigida ne ya je ɗaurin aure da ita? An kai wa wani Alhaji gida ne ya kwana biyu yana juya ta, ya fasa? Ko ita ce motar gwaji, wadda ake ba kowa ya ɗana kafin ya sayi 'yar uwarta? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Maganar da ya yi ta lamba, a takarda gaskiya ya faɗa. A wurin masu sayar da motoci, muddin ba a yi wa mota rajista da sunan kowa ba, sabuwa suke kiranta, kuma kai ne za a rubuta mai ita na farko. Sai dai inji bai san lamba ba, bai san ZAR da ake rubutawa a lambar Zariya ba, bai san takardar kwastan ba. Abin da ya sani shi ne ƙafar da ta taka masa totur.

Bari in tona wa kaina asiri, tunda tsufa ya zo. Lokacin da nake saurayi, zamanin da 504 ke fitowa daga kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, na yi wa wani dila aikin kai sababbin motoci garuruwa. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta mana da shi. A wancan lokacin malejin mota waya ce ke juya shi, daga giyabos zuwa bayan dashbod. Kafin mu tashi, maigida zai ce, "Ku cire mata waya." Hannu ɗaya za ka zura ka warware, shi ke nan allura ta kwanta, lambobi sun tsaya cik. Mu huɗu ko biyar za mu jera, matasa, ba mai kama mana kunne, kowa na son ya riga ɗan uwansa shiga gari. Allura ba ta aiki, saboda haka ba ka ma san gudun da kake yi ba, kukan inji kawai kake ji. In mun kusa isa sai mu ratse gindin bishiya, mu mayar da waya, mu goge ƙura da tsumma. Alhaji zai fito da babbar riga, ya leƙa ya ga kilomita 23, ya ce masha Allah, ya ba mu tukuici. Har yau in na tuna wannan tukuicin sai in ji wani iri.

Na kawo wannan ne don ka gane abu biyu. Na farko, wanda ya bar maka 1,340 a fili ka gani da idonka ya fi maigidana gaskiya, don haka kada ka shiga wurin da faɗa. Na biyu, ka san irin tuƙin da direban kai mota ke yi. Ba tasa ba ce, biyansa a kan kowace mota ne, kuma so yake ya kai ya juyo ya ɗauki wata.

Wannan tuƙin kuwa ya faɗo ne daidai lokacin da mota ta fi son lallashi. Ka buɗe littafin da ke zuwa da sabuwar mota, wanda yawancinmu ke barinsa a aljihun dashbod har ɓera ya ci. Za ka ga an ce a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi, a kilomita 1,000 na farko kuma, wasu har 1,600, a guji ƙure maleji, a guji fizgar mota, a guji daɗewa a kan gudu iri ɗaya. Dalili shi ne ringin fistin da bangon silinda suna neman su saba da juna, haka ma takalmin birki da faifansa. Injinan yanzu an fi gyara su sumul fiye da na zamaninmu, ba sa lalacewa don an yi tafiya ɗaya da su, kada in tsorata ka. Amma wannan ɗan lokacin na reno naka ne, yana cikin abin da kake biyan kuɗin sabuwa dominsa, kuma wani ya riga ya cinye shi. Ga shi kuma gidajen motoci da yawa suna kiran a kawo sabis na farko a kilomita 1,000. Taka ta wuce. An yi mata? In an yi, ina hatimi a littafin sabis? In ba a yi ba, su yi a gabanka, baƙin mai da filta, da kuɗinsu.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a aljihunka shi ne garanti. Yawanci shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanonin kuma suna ba da shekara 5. Kilomita 1,340 a cikin 100,000 ba wani abu ba ne. Kwanan watan ne abin dubawa. Garanti yana fara ƙirga ne daga ranar da aka shigar da mota a matsayin ta fara aiki. In motar gwaji ce, mai yiwuwa an buɗe mata wannan ranar tun watanni bakwai ko takwas da suka wuce, kai kana murna da shekara 3, alhali biyu da 'yan watanni suka rage. Ka ce a nuna maka takardar garanti, a rubuta ranar da ya fara, da malejin ranar da ka karɓa, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a buga hatimi. Kuma ka tambaya kai tsaye ko su wakilan kamfanin ne a Najeriya ko su ma shigo da ita suka yi daga Dubai ko Amurka. In shigo da ita suka yi da kansu, garantin can ba lallai ya biyo ta nan ba, alkawarin mai shago ne kawai a hannunka.

Ranar da za ka koma, ka je da rana tsaka, kada ka je da magariba, ka kuma ɗauki bakanikenka ko da za ka biya masa kuɗin mota da na abinci. Leda a kujera kada ta ruɗe ka, ana sayar da ita a kasuwa, ana kuma iya mayar da ita. Ka durƙusa gaban motar ka dubi hancin bonet da bamba da gilashin gaba: doguwar hanya tana barin ƙananan tabo na tsakuwa, musamman in an bi bayan tirela. Ka shafa taya. Sabuwar taya tana da ɗan gashi-gashi na roba da layukan launi a bayanta, kuma doguwar kwalta tana share su. Ka sa a buɗe filtar iska ka ga ko ta sha jar ƙasa. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko ta taɓa dukan rami ko tudun rage gudu. Ka dubi fenti ta gefe, ido daidai da jikin motar, daga ƙofa zuwa ƙofa. In wata ƙofar ta fi 'yar uwarta sheƙi ko duhu, to mai fenti ya taɓa ta. Sai wata dabara da jikana ya koya mini, na kuma ga amfaninta: ka shiga allon rediyo, wurin Bluetooth, ka ga jerin wayoyin da aka taɓa haɗawa. Kwanakin baya mun raka wani abokina Abuja duba mota "sabuwa", muka tarar da wayoyi shida a ciki, ɗaya ma da sunan mace da alamar zuciya a gefe. Mai sayarwa sai ya kama sosa ƙeya.

In duk ka duba ba ka ga aibi ba, motar abin saye ce, Malam, ni zan saye ta. Amma ba a farashin wadda ta sauko daga tirela ba. Ka ce wa maigidan, cikin girmamawa, "Alhaji, ko dai a kawo mini wata irinta mai ƙaramin maleji in jira, ko a duba mini wannan." Masu motoci sun fi jin zafin rage kuɗi a kan ƙara kaya, saboda haka in ya cije a farashi, ka karkata ta wani gefen: sabis biyu ko uku kyauta, su ɗauki nauyin lamba da inshora, su tsawaita garanti a rubuce. Duk abin da aka amince a kai ya hau takarda. Yaron da ya yi maka alkawari da baki, wata uku masu zuwa kana iya tarar ya koma wani shago.

Game da kafin alƙalaminka, ka duba rasidin. In an rubuta "sabuwa" kuma ba a faɗa maka malejin ba sai da ka gano da kanka, kana da bakin magana. Malamanmu na cikin Birni za su gaya maka cewa a fiƙihu wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. A dokar ƙasa ma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Ban ce ka fara da barazana ba. Sau da yawa da zarar mai kaya ya ga ka san lissafin hanya, muryarsa takan sauko da kanta.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Maigidana ya saya mini mota sabuwa, malejinta 14 kacal, har ƙawayena na taya ni murna. Sati biyu da kawo ta, ran nan da safe zan kai yara makaranta ta ƙi tashi, sai da aka kira mai gyaran wayar mota ya ce batir ya mutu. Ya kuma ce wai motar ta kusa shekara biyu da ƙerawa. Yaya sabuwar mota za ta yi haka? An cuce mu ne?
Daga wata uwargida, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa ki kashe lafiya, ya ƙara wa maigida buɗi. Taki kishiyar ta malamin Samaru ce. Tasa ta yi yawo, taki ta yi zaman daɓaro, kuma in za a ba ni zaɓi tsakanin motar da ta yi kilomita 500 wata uku da ƙerawa, da wadda ta yi 14 amma ta shekara biyu a tsaye a rana, ba zan yi saurin ɗaukar ta biyun ba.

Mota ba ta son zama. Batir yana zubar da caji a hankali ko ba a kunna komai ba, balle motocin yanzu da kwamfutarsu ba ta barci gaba ɗaya, kuma batirin da ya sauka ƙasa ya daɗe a haka ba ya komawa yadda yake. Baƙin mai yana tsufa a cikin inji ko ba a tafi ko'ina ba. Man da ke tanki yana lalacewa. Robar goge gilashi tana bushewa, taya tana kwantawa a gefen da ta daɗe tana ɗauke da nauyi, faifan birki yana tsatsa.

Ki tabbatar da maganar mai gyaran wayar da idonki. Ki buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai akwai wata 'yar takarda manne, a motoci da yawa za ki ga wata da shekarar ƙira a jikinta. Sannan ki tsuguna gaban taya, ki nemi inda aka rubuta DOT, ki bi rubutun har ƙarshe, za ki ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 1823, an yi tayar a mako na 18 na shekarar 2023. Wannan yana da muhimmanci, domin jami'an kiyaye haɗurra na FRSC shekara 4 suke ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, ba daga ranar da aka saya ba. Kin ga an ci miki kusan rabi tana tsaye.

Ba zan kira shi cuta ba sai in an ce muku ƙirar bana ce, a kuma karɓi kuɗin ƙirar bana. In haka aka yi, maigida ya koma da rasidi. In ba haka ba, abin nema kaɗan ne kuma haƙƙinku ne: sabon batir, juyen baƙin mai da filta, a duba man birki da ruwan lagireto. Kada ku bari mai gyaran waya na unguwa ya fara yanke-yanke a cikinta, komai ƙwarewarsa. Waya ɗaya in aka yanke, sun sami hujjar cewa garanti ya faɗi.

TAMBAYA: Baba, ni ba ni da kuɗin sabuwa. Corolla 2010 na gani a wurin wani dillali, ya ce daga Amurka ta zo kai tsaye, malejinta 62,000, wai wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita. In saya?
Daga ɗanka, mai shagon waya a PZ, Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, wannan tsohuwar na daɗe da saninta. Tun ina da baƙin gashi take sayar da motoci, kuma har yau ba ta gama ba.

Motar Amurka da mil take ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 62,000 ɗin nan kusan kilomita 100,000 ne. Wannan ma in lambar gaskiya ce. Mutumin Amurka yakan yi sama da mil 10,000 a shekara, to ka lissafa shekarun motar ka ga inda ya kamata ta kai. Malejin yanzu ba waya ake cirewa ba kamar zamaninmu, kwamfuta ake jona masa, cikin 'yan mintoci a mayar da tsohuwa yarinya. Ka kuma lura da abin da ake nuna maka a allon: in ka ga an rubuta TRIP A ko TRIP B, wannan na tafiyar yini ne, kowa na iya share shi da yatsa. ODO shi ne na ainihi.

Ka kwafi lambar shasi daga ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da ta takardar kwastan, su zo ɗaya. A motocin Amurka harafi na 10 shi ke nuna shekara, A ita ce 2010, B 2011, in ka ga 8 ko 9, wato 2008 ko 2009, to ƙara mata shekaru aka yi. Kai mai shagon waya ne, intanet ba baƙonka ba ne: ka biya a ciro maka rahoton Carfax da wannan lambar, zai nuna malejin da aka rubuta mata a can shekara bayan shekara, da ko ta yi hatsari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Takardar duti kuma ka kai ofishin kwastan a tabbatar maka, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma wadda ta biyo daji da takardar bogi a hannunka za a kama ta, ba a hannun dillali ba.

Kafin duk wannan ma, ka zauna a kujerar direba ka dubi robar birki da ta totur, da sitiyari wurin da hannu ke kamawa, da gefen kujera inda ake zamewa a fita. In robar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, ka gaishe mini da tsohuwar, ka ce ƙafarta akwai nauyi. In kana so, ka kawo motar gareji ranar Asabar bayan la'asar, ina nan bayan Kwangila, mu ɗaga ta mu duba ƙarƙashinta tare.